Shaye-shaye da Dokar Ƙwaya a Legas: Tambayoyin da Mutanenmu Suka Fi Yi

Na daɗe ina zaune a Agege, kuma da yake ina jin Yarbanci da Turanci, ni ake yawan bugo wa ƙofa da tsakar dare idan an kama yaron wani. Tambayoyin nan daga bakin iyaye na tsinto su, da direbobin manyan motoci, da 'yan dakon kasuwar Mile 12, da masu gadi a Lekki. Ni ba lauya ba ne, ba kuma likita ba, don haka inda magana ta kai ga ɗayansu zan nuna maka ƙofarsa.

Wai me doka take kira miyagun ƙwayoyi? Har da maganin da ake saya a kemis?

Kashi biyu ne. Akwai waɗanda aka haramta ɗungurungum: tabar wiwi, wadda Yarbawa ke kira igbo, da danginta irin su laud da kolos, sai hodar iblis, da hirowin, da ais, wato ƙwayar nan mai kama da ƙanƙara. Waɗannan ba takardar da za ka nuna a kan titi ta wanke ka.

Kashi na biyu magunguna ne na gaskiya da asibiti ke amfani da su, amma sai da takardar likita: taramol, kodin, diyazefam da yara ke ce wa D5, roci mai sa barci, da allurar kashe ciwo da ake kira fenta. A nan mutanenmu suka fi ruɗewa, suna cewa ai magani ne. Hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna, taramol mai ƙarfin miligiram 50 da mai 100 kawai ta amince da su. Mai 200, ko 225, ko 250, tun daga tashar jirgin ruwa kayan fasa-ƙwauri ne, ko da a shagon da ke da rajista ka same shi. Maganin tari mai kodin kuwa, gwamnatin tarayya ta hana haɗa shi da shigo da shi a watan Mayu na 2018, bayan binciken da BBC ta yi ya nuna yadda kwalaben ke fita ta bayan gida zuwa hannun matasa.

Wa ke da hurumin kamu, kuma ina ake shari'ar?

Hukumar hana sha da fataucin miyagun ƙwayoyi, NDLEA, ita ce mai wannan aiki. An kafa ta a 1989 da dokar soja mai lamba 48, zamanin Babangida. A watan Janairu na 2021 aka naɗa Birgediya Janar Buba Marwa mai ritaya ya shugabance ta, mutumin da ya mulki Legas daga 1996 zuwa 1999, wanda har yau keken da muke hawa ke ɗauke da sunansa. Ɗan sanda ko jami'in kwastan na iya kama ka, amma shari'ar ƙwaya hurumin Babbar Kotun Tarayya ce, wadda ke zama a Ikoyi.

Na faɗi haka ne saboda da yawa idan abu ya faru fadar Sarkin Hausawa suke fara nufa, kamar yadda muka saba a rikicin kasuwa ko na aure. Sarki zai iya taimaka maka da shawara, ya haɗa ka da lauya, ya nemo wanda zai tsaya wa yaro. Ba zai iya kashe maganar da ke gaban kotun tarayya ba, kuma rashin adalci ne a ɗora masa abin da ba ya hannunsa.

Shekara nawa ake ɗaure mutum?

Sashe na 11 na dokar NDLEA bai yi sassauci ba. Wanda ya shigo da ita, ko ya haɗa, ko ya noma, ko ya yi safara, ko ya sayar, hukuncin da aka rubuta masa ɗaurin rai da rai ne. Wanda aka samu da ita a hannu yana sane, ko yana sha, shekara 15 zuwa 25. Haɗa baki da masu yi shi ma shekara 15 zuwa 25 ne, ko da ba ka taɓa kayan da hannunka ba.

A zahiri alƙalai kan yanke ƙasa da haka, musamman ga wanda karon farko ke nan kuma ya amsa laifinsa. Wani ya samu watanni, wani 'yan shekaru, wani a ba shi zaɓin tara. Wannan ya sa yara ke ta yaɗa cewa ai ba komai ba ne. Ba su lissafa zaman jiran shari'a a gidan yarin Ikoyi ko Kirikiri, da jarin da zai narke kafin a fito, da sunan da ya riga ya shiga littafi. Sassaucin nan kuma ganin damar alƙali ne, ba haƙƙinka ba ne da za ka tsaya ka nema.

Ƙulli ɗaya ne tak, kuma na sha ne ba na sayarwa ba. Shi ma laifi ne?

Laifi ne. Dokar ba ta ware wani ɗan adadi ta ce wannan na mashayi ne a ƙyale shi ba. A ganina nan ne babban gurguncinta, domin yaron da ƙwaya ta riga ta kama mara lafiya ne, kuma tura shi cikin manyan masu laifi ba ya raba shi da ita. Ita kanta hukumar takan ware wasu mashaya ta yi musu nasiha ko ta tsare su a sashen gyaran hali maimakon kai su kotu, to amma wannan ma sai ta ga dama.

Abin da ke mayar da mashayi dila a idon jami'i ƙananan abubuwa ne: a same ta a ƙulle-ƙulle da yawa maimakon dunƙule ɗaya, ko ɗan sikeli, ko tarin canji, ko saƙonnin waya na masu cewa a kawo musu. Yaron da abokai suka haɗa kuɗi suka aika ya sayo musu ya shiga wannan layi bai sani ba. Idan shan ne damuwarka, sauka ƙasa ka karanta amsar da ke bayanin inda ake kai mutum a yi masa magani.

Da gaske ne ana kashe mutum a Najeriya saboda ƙwaya?

An taɓa yi, kuma a garin nan aka yi. Dokar soja mai lamba 20 ta 1984, zamanin mulkin sojan Buhari, ta tanadi kisa, kuma a watan Afrilu na 1985 aka harbe mutum uku a Kirikiri. Abin ya tayar da ƙura sosai domin an mayar da dokar baya ta hau kan laifin da aka aikata kafin a kafa ta. Gwamnatin Babangida ta soke kisan ta mayar da shi ɗauri. A watan Mayu na 2024 Majalisar Dattawa ta amince a dawo da hukuncin kisa kan masu safara, amma hakan bai zama doka ba. Inda ake kisa yau ƙasashen waje ne, kamar yadda za ka gani a amsar masu tafiya Umra.

Ni direba ne, kullum ana ba mu saƙo mu kai Arewa. Idan aka samu wani abu a ciki, laifin wa?

Da za a ce in zaɓi tambaya ɗaya a karanta a kowace tasha, wannan zan zaɓa. Kayan nan ta tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tincan da yawansu ke shigowa cikin kwantena, kuma dole su hau mota kafin su kai Kano ko Sakkwato ko Maiduguri. Motar da ta sauke shanu a Oko-Oba, ko albasa da tumatir a Mile 12, ba ta son komawa wayam. Masu kayan sun san haka sarai. Ba sa hawa motar, ba sa bin ta, kuma layin da suka kira ka da shi na ranar ne kawai.

Akwai wani yaron mota da na sani, ɗan shekara ashirin da 'yan kai, mai natsuwa, ko sigari ba ya sha. Wani mutum mai fara'a ya same shi a tasha bayan la'asar, ya gaishe shi da Hausa, ya ce kwali biyu ne na taliya za a kai wa iyalinsa, ga na goro. An naɗe kwalayen da salatif ta ko'ina. Yaron ya ji kunyar ya ce a buɗe, don mutumin ya haife shi. A shingen bincike aka farke: jeri ɗaya na taliya a sama, ƙasa duk katin taramol 225. Aka kira lambar mai kaya, a kashe. Na je na gan shi bayan kwana uku, yana zaune a ƙasa ya haɗa kai da gwiwa, abin da kawai yake maimaitawa shi ne, "Wallahi Baba ban buɗe ba." Na yarda da shi har zuciyata. Amma rashin buɗewar da yake kafa hujja da shi, shi ne ya kai shi inda yake, kuma ya shafe watanni a tsare kafin a samu belinsa.

Doka ta ce sai mutum yana sane, gaskiya ne. To amma wanda aka samu kaya a hannunsa shi ne zai yi ta bayani, kuma rantsuwa ba shaida ba ce a wannan kotu. Saboda haka kowane saƙo a buɗe shi a gaban mai shi, har ƙasan kwali. A ɗauki hoton kayan da na mai kayan, a rubuta sunansa da na mai karɓa a takardar tasha, a kira lambar nan take a ji ta yi ƙara a aljihunsa. Wanda ya ce ba ka yarda da shi ba ne, ka ce masa dokar mota ce, ko mahaifinka haka za ka yi masa. Idan kuɗin da aka ba ka ya fi ƙarfin kwalin, wannan kaɗai ya isa ka ajiye shi. Kara da kunya halinmu ne mai kyau, amma da su ake farautar mu a wannan harka.

Gadi nake yi, ko ina da ɗakin da na ba haya. Abin da aka ajiye a ciki ya shafe ni?

Ya shafe ka idan ka sani ka yi shiru. Mai gida ko mai kula da wuri da ya bari ana ajiye ƙwaya ko ana sayarwa a ciki na iya fuskantar ɗaurin da ya kai shekara 25, kuma kotu na iya ƙwace gidan ko motar da aka yi amfani da su. A watan Satumba na 2022 an gano hodar iblis da ta kai tan 1.8 a wani gidan ajiya a Ikorodu, cikin unguwar da mutane ke zaune lafiya lau. Irin waɗannan gidaje ba sa rasa mai gadi, kuma kowa ya san su wa ke gadi a Legas. Idan ana sauke kaya da ƙarfe biyun dare, an hana ka leƙa wani ɗaki, ana ƙara maka kuɗi ba dalili, nemi wani aikin tun da girma da arziki.

Haka ɗakin da mutum takwas ko goma ke kwana. Idan aka zo samame ba a tsayawa tantance jakar wa ce, kowa ake kwasa, sai daga baya a tace. Babba a ɗakin yana da haƙƙin ya ce ba a ajiye masa wannan, kuma gara a yi ɓacin ran yau.

An kama ƙanena jiya. Me zan yi yanzu?

Fara da gano takamaiman inda yake da hukumar da ke riƙe da shi, sannan ka nemi lauya kafin ka nemi kowa. Wanda ba shi da hali ya je ofishin lauyoyin gwamnatin jihar Legas masu kare marasa ƙarfi, wanda ake kira OPD, ko hukumar ba da tallafin shari'a ta tarayya. Kundin tsarin mulki ya ba wanda aka kama damar yin shiru har sai ya ga lauya, ya ce a sanar da shi laifinsa a rubuce cikin harshen da yake ji, a kuma kai shi kotu cikin kwana ɗaya ko biyu gwargwadon nisan kotun. Idan za a ci gaba da tsare shi, sai da izinin kotu. A gaban alƙali yana da haƙƙin tafinta kyauta.

Maganar harshen nan ita ta fi cin mutanenmu. Yaro bai iya Turanci ba, a rubuta bayani a miƙo masa, ya dangwala yatsa don a ƙyale shi ya huta, alhali takardar cewa take ya amsa kayansa ne. Ka gaya masa kada ya sa hannu a kan abin da ba a karanta masa da Hausa ba. Ka kuma sani dokar shari'ar laifuka ta 2015 ta hana a kama wani a madadin wani, don haka ba a riƙe uwa ko mata don ɗa ko miji ya gudu.

Sai 'yan kanzagi. Duk inda aka tsare mutum za ka tarar da masu cewa sun san oga, a kawo kaza a kashe magana kafin safiya. Na ga wanda ya sayar da babur ɗinsa ya ba irin waɗannan, kuɗi suka tafi, yaro kuma aka kai shi kotu ranar da aka sa. Ba da cin hanci wani laifin ne na daban da za a iya ƙara muku.

Zan tafi Umra, an ce in riƙa wa wata Hajiya jaka. Akwai matsala?

Kada ka karɓa, ko da 'yar unguwarku ce. Saudiyya na yanke hukuncin kisa kan safarar ƙwaya, kuma a watan Afrilu na 2019 ta zartar da shi kan wata 'yar Najeriya. Indunisiya ta harbe 'yan Najeriya a 2015. A Singafo, a watan Janairu na 2007, an rataye wani matashi ɗan Najeriya da ya ce an gaya masa maganin gargajiya ne ya ɗauko. Waɗannan ƙasashe ba sa jin roƙo a kan wannan.

Ko jakar da ba ka gani ba tana iya zama taka. Kowa ya tuna ɗalibar nan mai karatu a Kano da aka kama a Saudiyya a ƙarshen 2018, bayan wasu sun liƙa sunanta a jakar taramol tun daga filin jirgi, sai da ta yi wata huɗu a tsare kafin gaskiya ta fito. Don haka ka ƙirga jakunkunanka a wurin awo, ka duba adadin da aka rubuta a takardarka ya yi daidai, ka adana 'yan takardun da aka manna maka. Maganin da likita ya rubuta maka ka bar shi cikin kwalinsa tare da takardar. Wani abin da mutane ba su sani ba: tun 1990 doka ta ce ɗan Najeriyar da aka ɗaure a waje kan ƙwaya, idan ya dawo ana iya sake ɗaure shi shekara biyar saboda ɓata sunan ƙasa.

Ai wasu ƙasashe sun halatta wiwi. Mu fa?

Kanada ta halatta a 2018, kuma a shekarar ce kotun tsarin mulkin Afirka ta Kudu ta ba babba damar sha a cikin gidansa. A nan an kai ƙudurori majalisa, marigayi gwamnan Ondo Rotimi Akeredolu ma ya yi ta fafutukar a bari a noma ta don magani, amma ba abin da ya sauya. Laud ɗin da aka saya da rasit a Kanada, da zarar ya sauka Legas kayan laifi ne.

Ana yawan cewa 'yan Arewa ne suka kawo shaye-shaye Legas. Haka ne?

Alƙaluma ba su ce haka ba. Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwaya a 2018 ya gano mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken, miliyan 10.6 daga ciki wiwi ce. Kudu maso Yamma ce kan gaba da kashi 22.4 cikin ɗari, Arewa maso Yamma kuwa kashi 12. Ɗaya cikin kowane mashaya huɗu mace ce, abin da mu ba ma son a faɗa, shi ya sa matan da abin ya kama suke ɓoyewa a ɗaki har ya ci ƙarfinsu.

Wannan ba zai sa mu wanke kanmu ba. Wanda ya zaga bayan kasuwanninmu da magariba ya ga fankon katin ƙwaya a ƙasa kamar ɓawon gyaɗa. Ƙazafin da ake mana ƙarya ne, ciwon kuma gaskiya ne, kuma mu ya kamata mu fara faɗa a masallatanmu kafin wani ya faɗa mana da gori.

Ni ba don maye nake sha ba, don ƙarfin aiki ne. Ina laifi?

Na fi jin tausayin mai wannan tambaya fiye da kowa, domin na san abin da yake nufi. Ka je Mile 12 kafin asuba ka ga yaro siriri an ɗora masa kwandon tumatir a ka, yana ratsa caɓi da silifas, ya kai ya dawo, ya kai ya dawo, har rana ta take. A teburin mai shayi zai ɓare kati ya jefa biyu a baki ya kora. Ba nishaɗi yake nema ba, so yake bayansa ya yi shiru ya samu abin aikawa gida.

Amma taramol ba ya ƙara ƙarfi ko kaɗan. Ciwon yake toshewa, jikin kuma yana ci gaba da lalacewa ba ka ji. Bayan 'yan makonni ɗaya ba ta isa, sai biyu, sai huɗu. Likitoci ba sa wuce miligiram 400 a yini ga babban mutum, ka ga mai 225 guda biyu sun riga sun haye. Daga nan ne ake faɗuwa ana shure-shure kamar mai farfaɗiya, wani a kan babur, wani a tsakiyar titi. Haɗa shi da D5 ko roci ko giya na iya tsayar da numfashi cikin barci. Ranar da ba a samu ba kuwa sai zufa, da ciwon gaɓoɓi, da gudawa, da rashin barci, mutum ya ɗauka zazzaɓi ne, alhali jiki ne ke neman abin da ya saba. A lissafa kuɗin da ke tafiya kullum, sai a tarar wa dila ake yi wa dakon. Ta fuskar addini ma niyyar aiki ba ta canza hukunci, tunda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce duk abin da ke sa maye giya ne, kuma kowace giya haramun ce.

Ɗana ya yi nisa. In mayar da shi gida ne, ko akwai inda ake magani a nan?

Akwai. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba yana da sashen masu shaye-shaye. Asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, wato LUTH, yana Idi-Araba, jifa kaɗan daga unguwar Hausawa. Akwai kuma asibitin Aro a Abeokuta. NDLEA na da layin kira kyauta, 0800 1020 3040, inda ake ba da shawara dare da rana. Na san sunan Yaba kaɗai na sa mutane ja da baya, kada a ce ɗansu ya haukace. Likita mara lafiya yake gani a gabansa, kuma wanda ya kai kansa asibiti ya fi wanda aka kai kotu sauƙin fita, kamar yadda amsar ƙulli ɗaya ta nuna.

Mayar da shi gida na taimakawa idan akwai mai sa ido da sana'ar da zai kama, domin raba shi da abokan sha rabin magani ne. Amma ƙwayar nan tana can ma, wani lokaci ta fi araha. Abin da nake roƙo da babbar murya shi ne kada a kai shi inda za a sa masa mari a yi ta duka. Abin da aka gano a irin waɗannan gidaje a Kaduna da Katsina a 2019 ya isa izina. Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne, a haɗa su. Kada kuma a yanke masa D5 ko roci rana ɗaya a kulle shi a ɗaki, domin yankewar farat ɗaya na iya jawo jijjiga mai hatsari, likita ne ke rage su sannu a hankali. Idan ya daina ya sake komawa, Alhaji, kada ka ce ka cire hannu. Da yawa sai a karo na biyu ko na uku suke tsayawa.

Idan na tarar da mutum ya sha ya wuce kima, ya faɗi ba ya motsi fa?

Kira 112 ko 767, ko ku sa shi a mota zuwa asibiti mafi kusa ba tare da jiran kowa ba. Kafin nan a kwantar da shi a gefensa don kada amai ya shaƙe shi, a sassauta masa wuyan riga. Kada a ɗura masa madara ko manja ko ruwan gishiri, wanda ba ya cikin hayyacinsa huhu abin ke tafiya. Idan yana jijjiga kada a danne shi, kada a cusa masa cokali a baki, a dai janye abin da zai buge shi. Numfashi a hankali ƙwarai, da munshari mai nauyi, da leɓe ya sauya launi, alamu ne na cewa lokaci ya ƙure, ba barci yake ba da za a ce a bar shi ya huce. A ɗauki fankon katin ko kwalbar da aka gani kusa da shi a tafi da su, a kuma gaya wa likita gaskiyar abin da ya sha da lokacin da ya sha.